Rumbun Mai Rai

Na san kun ji maganar, saboda haka ku daina kallon juna in an ambaci Kurfai a gabana. Ranar sadakar arba'in ta Gwaggo Mariyama ina zaune cikin rumfa na ji wata tsohuwa tana nuna Sa'adatu da baki, tana ce wa ta kusa da ita, "Waccan ɗiyar wanda ya buɗe rumbun wanshi gaban Annasara ce." Sa'adatu, kin dawo mota idonki jajir, ba ki ce mini komai ba, ni ma na yi kamar ban ji ba. To, tsohuwar ba ta yi mini ƙazafi ba. Na buɗe, kuma ba ɗaya ba, huɗu na buɗe. Sai dai duk mai ba ku labarin nan daga tsani yake farawa, ba wanda ke farawa daga saƙo, alhali a saƙon nawa laifin yake. Tun da Allah Ya bar mini sauran ido da hankali, bari in shimfiɗa maku abin yadda ya faru, kada in kwanta dama ku gaji rabin magana.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, Yaya Arzika da ni. Da kumandan, Baturen mulki na Filinge, ya aiko a ba da yaro daga tungarmu a kai lakwal, wato makarantar boko, Yaya aka nufa, don shi ne ya isa. Babanmu ya dubi gandu, ya dubi kafaɗun Yaya, ya dube ni da 'yan ƙafafuna kamar sillen kara, sai ya ce wa gardin da kumandan ya turo babban yana da ciwon ƙirji, a tafi da ƙaramin. Ciwon ƙirjin nan bai hana Yaya noman gandu shekara hamsin ba. Haka aka raba mana duniya ba a tambaye mu ba, shi hauya ni alƙalami, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Da aka samu mulkin kai, masu karatu ba mu da yawa, sai aka riƙa jan mu ko'ina kamar guga ɗaya a rijiyar gari. Yau kana magatakarda a Yamai, gobe an ce kai ke tarbar baƙin ƙasa, jibi an ɗinka maka kwat an ce ka tafi Turai ka zama bakin ƙasarka. Na zama jakada furfura ko ɗaya ba ta fito mini ba. Babanmu bai ga wannan ba, ya riga ya rasu, gida da gandu da rumbuna sun koma hannun Yaya. Amma duk inda aiki ya jefa ni, bayan kaka sai 'yar jakar hatsi ta same ni daga gandunmu, ta hannun direba, ta hannun ɗalibi, ta hannun duk wanda Allah Ya hore. Uwarku takan daka shi a ɗan turmin da ta ƙi rabuwa da shi, Turawan da ke zaune ƙasanmu a gidan bene suna ta buga rufinsu da sandar tsintsiya, mu kuwa ko a jikinmu, sai mun sha hurarmu.

Sai ruwa ya fara ƙin zuwa. Damina ɗaya ta yi rabi, ta biyu ta yaudari mutane suka yi shuka sau uku, ta uku ba a ma san ta shigo ba. Wasiƙun gida, waɗanda limamin tungarmu ke rubuta wa Yaya, ba su sauya ko harafi ɗaya ba: muna lafiya, bisashe lafiya, damina sai godiya. Ni kuma kada ku ɗauka na fi shi. Shekara biyu ina shiga biro-biro, ofisoshin manyan Turai, in an tambaye ni labarin fari sai in gyara wuyan riga in ce ana ɗan fama, amma abin yana hannu. Ba wanda ya sa ni dole. Ƙasa sabuwa kamar sabon magidanci take, ba ya son a ji ya aika maƙwabta aron gishiri, kuma ni da kaina nake jin kunyar a ce ƙasar da muka karɓa jiya, yau mun fito da ƙoƙo.

Jakar shekara ta uku ce ta warkar da ni. Ta iso a makare, kuma ba ta kai rabin wadda aka saba ba. Uwarku ta kwance bakinta, ta ɗebo a tafin hannu, ta murza, ta shinshina. Hatsin ya dushe, ga garin ƙwari a ciki.

"Wannan ba na bana ba ne," in ji ta. "Ba na bara ba ne ma. Malam, sharar gindin rumbu aka aiko maka."

Ranar ba a yi daka ba. Washegari na tafi wurin wata ƙungiyar agaji da ta daɗe tana tambayata ina kauce mata, na faɗi kalmar da nake ta ɓoyo, na ce yunwa ce. Suka ce suna da abinci da iri da za su shigar kafin ruwa ya sauka, amma motocinsu kaɗan ne, ba ko'ina za su kai ba. Za su aika mutum biyu su zagaya, inda suka ga buƙata da idonsu nan motoci za su nufa. Labarin makiyaya sun riga sun ji. Abin da ba su sani ba shi ne ko manoman ƙauye, masu rumbu, suna da sauran abin ci da abin shukawa. Na nemi izini daga Yamai, na ce ni zan raka su, kuma a ƙasar Kurfai za mu fara, don can na san kowane gida. Mutanen biyu su ne wani dattijo mai tsawo, wanda mutanenmu suka sa wa suna Dogo tun bai sauka daga mota ba, da wata mace likita.

Ga saƙon da na ce maku. Da muka sauka Yamai na nemo Garba, direban kamyo, babbar motar kaya mai zuwa kasuwar Filinge, na ce ya shaida wa Yaya ina tafe ranar Alhamis da manyan baƙi biyu daga Turai. Garba ya tsaya yana jira ko da ƙari. Akwai ƙari kuwa, yana nan tsaye a maƙogwarona: ka ce masa yunwarsa za su zo gani, kada ya share ko ƙofar gida. Amma yaya zan sa wannan magana a bakin direba, ya je ya sauke ta a tsakiyar kasuwa tare da buhunan gishiri? Na ce masa shi ke nan, Allah Ya kiyaye hanya. Ni da na yi shekaru ina auna kowace kalma kafin in sa hannu a takarda, na aika wa Bakurfaye cewa manyan baƙi na tafe, ban tsaya na tuna abin da Bakurfaye zai yi da wannan labari ba.

Bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa. A Baleyara muka ga shanu sun zama ƙashi da fata, masu su suna roƙon a saya ba mai ko juyowa. Daga nan har Filinge, ƙarƙashin kowane gawo akwai mutanen da suka gangaro daga wajen Abala, suna zaune da igiyoyin dabbobi ba dabbobin. Dogo yana ta rubutu a ɗan littafinsa. Na ce a raina, to, bari mu isa gida ya ga sauran.

Tun daga rijiya na ga aikin saƙona. An share hanya fes har ƙofar zaure, an yayyafa ruwa, ruwan da ake kwana ana jira a gindin rijiya. Dattawan tunga sun jeru cikin rigunan shuni da rawuna, Yaya a gaba da babbar rigar babanmu. Ya rame, amma babbar riga ba ta tona asirin mai ita. Aka shimfiɗa tabarmi da darduma. Sai ga ƙoren hura sun fito, farare tas, hura mai kauri da nono, sai ga akusan tuwon hatsi da miyar kuka, sai ga naman rago a faranti, har da hanta a gefe don manyan baƙi. Dogo ya sha hura ya lumshe ido, ya ce bai taɓa shan abu mai daɗinta ba. Bayan an wanke hannu ya buɗe littafinsa ya fara tambaya, ni ne tafinta, kuma abin da aka san ni da shi a aikina shi ne ba na ƙari ba na ragi. Ya tambayi yadda farin ya taɓa su.

"Ka ce mishi sai godiyar Allah," in ji Yaya. "Ruwa ya yi ƙaranci, ba mu musu. Amma mun gaji tanadi. Ga rumbuna can, huɗu, tun na kakanmu, ba wanda ya faɗi."

Ku lura, bai ce a cike suke ba. Yaya bai taɓa yin ƙarya ba a rayuwarsa. Likitar ta ce ba ta ga yara ba, tana son ta duba su.

"Ɗiya ba su zama inda manya ke cin abinci," in ji shi. Wannan ma gaskiya ne.

Na juya maganar yadda ya faɗe ta. Dogo ya rufe littafi, ya dafa kafaɗata, ya ce ya yi mini murna, ƙauyena ya tsira, ga alama manoman wannan yanki suna da sauran ƙarfi, motoci sai su nufi wani wuri. Ya ce da la'asar za mu juya.

Na ce zan shiga in gai da Inna. A tsakar gida na ci karo da Hadiza, matar Yaya, wadda muke wasa da ita tun ranar da aka kawo ta, don ƙanen miji ai miji ne na wasa.

"Lale da mijin Turai! Ashe ana tunawa da mu? Dubi wuya har ya yi gammo. Ka sha hura?"

"Na sha," na ce. "Duk Turai ba mai hannunki."

"To madalla, Allah shi sa ta zauna. Gonar bana ce kunka shanye, kai da Annasarunka."

Tana dariya ta faɗa, amma ba ta dube ni ba. Na ce ta yi mini bayani. Ta ce ranar da saƙon Garba ya iso, Yaya ya bi gida bakwai na tungar da ƙafarsa, yana cewa ƙanena zai kawo manyan baƙi, kada a je Turai a ce gidan da jakada ya fito ba a samu abin ba baƙo ba. Ba wanda ke da hatsin ci. Sai kowa ya kwance irin da ya zaɓa ya ɓoye don shuka, aka haɗa, aka daka. Ragon kuwa na Inna ne, shi kaɗai ya rage a tungar, nonon kuma daga wajen Bonkuku aka yi tattaki aka samo. Ta ja ni bayan danga. Ga tukwane jere an jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana da kwanaki ana zubar da ruwansu kafin su ciwu. Shi suke ci tun sanyi. Ga yaran gidan kwance a tabarma, an ce kada su fito. Ba wanda ke kuka a cikinsu, kuma shirun nan ya fi ba ni tsoro.

Inna tana zaune bakin gadonta. Na durƙusa, ta shafa kaina, na ji yatsunta kamar kara. Na ce, Inna, me ke cikin rumbunan nan?

"Ni na sani? Shekara arba'in na zauna da ubanku, ban taɓa leƙa rumbunshi ba. Kai ma ka san wanga, in lakwal ba ta mantar da kai ba."

Ban manta ba. Ku da kuka tashi a birni, bari in faɗa maku. A wurinmu maigida kaɗai ke hawa rumbunsa. Shi ke sauko da damin yini ya miƙa wa mata. Mace ba ta leƙawa, ɗa ba ya leƙawa, ƙane ba ya leƙawa, ko maƙwabci ya zo wucewa ana buɗewa sai ya kau da kai. Rana ɗaya tak wani ke ɗaga murfin rumbun mutum, ranar da dattawa suka zo rabon gadonsa.

Na aika a kira mini Yaya bayan zaure. Na faɗa masa abin da ya kamata in faɗa tun a bakin Garba. Na ce mutanen nan ba gaisuwa ta kawo su ba, abin da suka gani shi za su rubuta, in sun rubuta lafiya ba motar da za ta zo, ga shi kuma an cinye iri. Na roƙe shi don Allah ya koma ya gaya masu gaskiya da bakinsa. Ya saurare ni har na gama, yana jan tasbaha.

"Mi ya hana ka hwaɗi haka tun hwarko?" ya ce.

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Yanzu sun ci. Kana so in koma in ce ma baƙon da ya ci abincina, wanga da ka ci shi ne na ƙarshe, na ɗiyana ne? Shi haɗiye shi da mi? Abdu, baƙonka annabinka. Allah da ya tsaga baki ba shi hana shi abin ci. Ka bar mu da rufin asirinmu."

Na ce, Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce shi bai ga ruwan wankan ba tukuna. Ya gyara rigarsa ya koma wurin baƙi.

Na gwada ta ɗaya hanyar. Na ja Dogo gefe na gaya masa duk abin da Hadiza ta faɗa mini. Ya saurara da ladabi, mutumin kirki ne, sannan ya ce in yi masa haƙuri, duk babban mutumin da ya raka shi a kowace ƙasa yakan ce ƙauyensu ya fi kowane wahala. Shi ya ci nama a nan, ya ji maigida da kunnensa, ga rumbuna huɗu a tsaye. Ba zai iya rubuta abin da bai gani ba. Direba ya riga ya fara duba ruwan mota.

Na tuna ciwon ƙirjin ƙarya da ya sa Yaya a gona ya sa ni a jirgi, na tuna jakar hatsi ta kowace shekara, na tuna yaran bayan danga. Wallahi na so a ce wani ne zai yi. Sai na tuɓe kwat na miƙa wa direba, na cire takalma, na je na ɗauki tsani inda yake jingine tun muna yara, na kafa shi a jikin babban rumbu, na kakanmu. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi! Abdu, kana cikin hankalinka?" Ban juya ba. Na hau, na ture murfin ciyawa, na leƙa. Ba komai sai ƙasa da kashin ɓera, an share gindin tas, na san kuma inda sharar ta tafi. Na kira Dogo na ce ya hau. Ya hau, ya daɗe kansa a ciki. Muka je na biyu, muka je na uku. A na huɗu akwai ƙwarya ɗaya da 'yan ƙwayoyin ƙarangiya da aka sussuka. Dattawan nan duk sun juya mana baya, suna kallon gabas. Da Dogo ya sauko fuskarsa ta yi ja, ya dubi akusan da ya ci. Likitar ba ta nemi izinin kowa ba, ta bi Hadiza bayan danga.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya jira har suka gama, ya sa aka naɗe cinyar ragon da ta rage aka ba baƙi guzuri, ya raka su har mota, ya yi masu addu'ar sauka lafiya. Sannan ya juyo gare ni, a gaban kowa, ya miƙo mini hannu kamar yadda ake yi a zaman makoki.

"Ba a buɗe rumbun mai rai," ya ce. "Tun da ka buɗe, ashe na mutu. Allah shi ba ka haƙurin rashin yayanka."

Motocin sun zo kafin ruwa, da wata jar dawa ta ƙasashen waje da mata suka yi ta tsine wa wajen daka, da irin hatsi. Ba tungarmu kaɗai ba, har ƙauyukan da ke kewaye da wajen Imanan. Ba kowa suka riska da rai ba. Yara biyu na gidan liman sun riga sun rasu, da wata tsohuwa. Amma an yi shuka a shekarar, kuma yawancin 'yan'uwanku da kuke gaisawa da su a can yau, su ne na kan tabarmar nan. Yaya bai taɓa tsayawa a layin rabo ba, Hadiza ce ke zuwa, shi kuma yana yi kamar bai san inda tuwon ya fito ba. 'Yan kasuwar Filinge, da ba su da aiki sai baki, suka sa masa suna Mai Rumbu Huɗu. Mutumin da ake kira don sasanta rikicin gona ya daina zuwa kasuwa, rani biyu a jere ya tafi cin rani Kurmi, can kudu, don kada ya haɗa ido da mutane. Waɗanda suka ci dawar su ne suka fi zagina, kuma ban ga laifinsu ba, don kowa ya san in rumbun Arzika ba komai, nasa ma haka.

Aikina ya ci gaba. An mayar da ni gida an ba ni minista, an sake tura ni waje, na zauna a manyan zaurukan duniya, kuma tun daga ranar ban ƙara jin nauyin faɗin kalmar yunwa a gaban kowa ba. Wasu sun ce da rumbun Yaya na sayi kujerar. Allah Ya sani. Abin da na sani shi ne jakar hatsi ba ta sake zuwa ba.

Kuna tsammani ya hana ni shiga gidan? Ina! Da ya yi haka da ya fi mini sauƙi. Duk zuwan da na yi, sai a share hanya, a shimfiɗa darduma a zaure, a yanka rago ko da shi kaɗai ke gare shi. Ya zauna nesa kaɗan ya tambaye ni hanya, ya tambayi iyali, ya ce wa Hadiza, "A kawo ma baƙonmu ruwa." Bai ƙara kiran sunana ba, bai ƙara sa hannu a akushi ɗaya da ni ba. Ko ranar da Inna ta rasu, a layin baƙi aka zaunar da ni, ya zo ya yi mini godiyar zuwa. Na aika dattawa, na aika liman, ya ce masu shi ba ya riƙe da kowa, me ya yi wa baƙon ban da karramawa? Shekara ashirin da wani abu ina cin naman nan, kuma ban taɓa cin abu mai ɗacinsa ba.

Bayan na ajiye aiki, wata shekara da aka yi damina mai albarka, aka ce mini ƙafafu sun kama Yaya. Na tafi ban aika ba. Na isa da hantsi, ba shara, ba darduma. Na same shi a tsakar gida kan buzu, ya jingina da bango, ya tsufa ƙwarai. Na gaishe shi na nufi zaure inda na saba zama, sai Hadiza ta fito da ɗumamen tuwon jiya a tsohon akushi mai ɗinki, ta dangwarar da shi a gabansa.

"Ina za ka, tsohon miji? Yau ba rago, mun gaji da ɓarna. In za ka ci, ga yayanka nan."

Na dubi Yaya. Sai ya matsa gefe kan buzun. Na zauna, muka sa hannu. Ban san ɗumame na iya sa dattijo hawaye ba sai ranar. Da muka gama ya daɗe yana kallon rumbunan, har yanzu huɗu ne, an yi masu sabon yaɓe.

"Abdu," ya ce. "Ƙahwata ba ta hawa. Ɗiyan duk sun tahi gona. Ɗauki tsani ka sauko ma Hadiza da damin yini. Ai ka san hanya."

Hadiza ta tuntsire da dariya har tana riƙe bango. Na cire takalma, na kafa tsanin, na hau da gwiwoyina na ɗan shekara sittin da wani abu suna ƙara, na ture murfi, na sauko da dami na ajiye a gabanta. Yaya ya dube ni ta gefen ido.

"To, mi ka gani?"

Na ce, "Sai godiya, Yaya."

Ya gyaɗa kai. "Ashe lakwal ba ta cinye ka duka ba."

Bai kai wata damina ba. Saboda haka ga abin da nake so ku riƙe. In an sake nuna ku da baki, kada ku yi faɗa, kuma kada ku kare ni da cewa baffanku jahili ne mai girman kai, don duk wanda ya faɗi haka a gabana sai mun ɓata. Mutum ne da ya ciyar da baƙon ƙanensa da gonarsa ta shekara, don kada ƙanen ya ji kunya. Tsanin nan, da za a mayar da ni ranar, zan sake hawa. Abin da nake neman gafarar Allah a kansa shi ne 'yar maganar da na kasa ƙara wa Garba direba. Na rubuta maku abin da ke cikin rumbunan a hawana na fari, don duniya ta riga ta gani. Na biyun kuwa, Sa'adatu, na san ke za ki tambaya ko a cike yake. Shi ya aike ni, yana da rai, kuma rumbunsa ne. Ba zan faɗa maku ba.